Tsawar da ta biyo ta ƙasa: nazarin ɓarna a wata cibiyar intanet a Sakkwato

Cibiyar da wannan nazari ya shafa tana bayan garin Sakkwato, a kan wani tudu mai marmara ta hanyar Dange. Mai ita ɗan kasuwa ne da ke sayar wa makarantu da ofisoshi da masu POS intanet ta iska, yana kuma da zauren kwamfutoci inda yara ke gwajin jarrabawar JAMB. A cikin filin akwai dogon ƙarfen eriya, da ginin ofis mai ɗakin na'urori taku kaɗan daga gindin ƙarfen, sai zauren kwamfutocin can kusa da ƙofar shiga, a ɗaya ƙarshen fili. Faifan sola suna kan rufin ofis, janareto na cikin rumfarsa, akwai kuma rijiyar burtsatse.

Hadarin farko mai ƙarfi na damina ya taso daga gabas da dare, iska da ƙura suka riga ruwa isowa, tsawa ta faɗa kan ƙarfen. Ƙarfen bai ji komai ba. Tsinken da ke samansa, wanda masu gyaran wuta ke kira tanda aresta, yana nan tsaye ko baƙi bai yi ba. Ginin bai tsage ba, gobara ba ta tashi ba. Amma da gari ya waye ba intanet, ba wutar sola, ba kyamarori, rabin kwamfutocin zaure kuma ba sa ganin juna.

Da aka kira ni, Alhaji mai wurin ya tarye ni da tambayar da kowa zai yi: "Injiniya, na biya kuɗi an sa tanda aresta. Mi yah hana shi aiki nai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya yi aikinsa sarai." Aikin tsinken shi ne ya karɓi tsawa ya miƙa ta ƙasa don kada ta fasa gini ko ta kunna wuta. Ba ya rage mata ƙarfi ko kaɗan. Ɓarnar ta faru ne bayan wutar ta isa ƙasa, kuma wannan ɓangaren ne ake sakaci da shi a yawancin wuraren da nake shiga.

Abin da ya mutu da abin da ya tsira

Kafin a taɓa shebur, mun jera kayan a kan tebur, matattu gefe ɗaya, masu rai gefe ɗaya. Wannan jerin ya fi kowace na'urar awo bayani.

Babban suwic na ɗakin na'urori, wato akwatin da wayoyin intanet ke haɗuwa a cikinsa, yana kamawa, fitilunsa na ci, amma wasu bakunansa sun mutu. Da muka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi bakunan da suka mutu su ne masu doguwar waya: wadda ta hau ƙarfen eriya, wadda ta ratsa fili zuwa zaure, da wadda ta tafi kyamarar ƙofa. Bakunan da wayarsu ba ta fita daga ɗakin ba lafiya lau. Da aka buɗe murfin, a bayan kowane mataccen baki akwai ɗan tabo baƙi a kan allon, layin jan ƙarfen ya tsinke ya naɗe, ga warin ƙonannen roba har lokacin. Na'urar ɗaukar hoton kyamarori ta mutu, inbata ta mutu. Firji da fanka da ƙwayayen fitila ba abin da ya same su.

Zauren kwamfutoci ne ya fi ɗaure wa Alhaji kai, don yaron da ke kula da shi ya rantse ya kashe duk makunnan bango kafin ya tashi, kuma gaskiya ya faɗa. Kwamfutocin da suka lalace ta bakin wayar intanet suka lalace. Guda ɗaya da aka cire wa wayar aka ajiye a kusurwa tana jiran gyara, ita ce ta fita ba ko ƙwarzane. Kashe makunni ba ya tare wannan irin wuta: tazarar da ke cikinsa 'yan milimita ce, iska kuwa tana fashewa da kimanin bolt 3,000 a kowace milimita, sannan makunnin bango ba ya yanke wayar ƙasa, wato wadda ke haɗa jikin na'ura da ƙasa, balle wayar intanet.

Shaida mafi amfani daga mai gadi ta fito. Dattijo ne, tun safe yake zagaya gindin ƙarfen yana neman gatarin aradu. Na ce, "Baba, kana ina lokacin?" Ya nuna bencinsa a jikin bangon ofis, ya ce yana tsaye ne zai shiga daga ciki. "Ɗana, ga ƙahwahuna nij ji ta kahin in ji ta ga kunne." Ya ce sai da ya zube, ƙafafun suka ɗauki lokaci ba ya jin su.

Abin da ya bi ta ƙafafun Baba shi ne ya bi ta wayoyin. Makiyaya sun san shi: tsawa ta faɗi kusa da garke, shanu su zube alhali ba wadda ta taɓa, don tazarar ƙafar gaba da ta baya tana da faɗi, wutar ta shiga ta nan ta fita ta can ta ratsa zuciya. A watan Agusta na 2016 an tarar da wani nau'in barewa guda 323 a mace a tsaunin Hardangervidda na ƙasar Norway bayan hadari guda.

Lissafin

Tsawa matsakaiciya tana ɗauke da kimanin amfiya 30,000 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), manya kuma suna wuce 100,000, kuma tana kai ƙololuwarta cikin 'yan kashi kaɗan na miliyan na daƙiƙa. Ƙasa ba ta shanye wannan salin-alin, tana turjiya, turjiyar kuma da om ake auna ta. Ƙa'idar kariyar tsawa ta duniya, IEC 62305, ta so a ce turjiyar turken ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake bugawa cikin ƙasa don wuta ta sauka ta nan, ba ta wuce om 10 ba. To a ce an samu 10 ɗin cif. A ninka amfiya 30,000 sau 10, an samu bolt 300,000. A wannan ƙiftawar, ƙasar da ke gindin ƙarfen da duk abin da aka ɗaure da ita sun hau bolt dubu ɗari uku sama da ƙasar da ke nesa.

Hawan ba daidai yake ko'ina ba, yana raguwa gwargwadon nisa. A ɗauka ƙasar busasshiya ce mai turjiyar om-mita 500 (om-mita ma'aunin turjiyar ita kanta ƙasar ne). A lissafin takarda, mita 10 daga inda wutar ta shiga ƙasa tana kan bolt kusan 240,000, a mita 50 kuma kusan 48,000. Tsakanin wuraren biyu akwai giɓin bolt 190,000. A zahiri adadin yakan gaza haka, don ƙasar da ke kewaye da turke tana fashewa ta ba wuta hanya, wani kason kuma ya bi wasu hanyoyin. Amma ko an raba shi goma, saura 19,000. Bakin wayar intanet na suwic ko kwamfuta kuwa bolt 1,500 ƙa'idarsa ta ce ya jure. Wayar jan ƙarfe da ta tashi daga ofis zuwa zaure ita ce ta haɗa ƙasa mai tsananin hawa da mai ƙarancin hawa, wutar ta ga hanya mai sauƙi fiye da marmara, ta bi.

Wannan lissafin ne ya sa ba na yarda da mai cewa matsalar duka ta rage om ce. Ko an sha wahala an kai om 2, bolt 60,000 ne. Ba adadin da za a kai a ce na'ura ta tsira saboda shi kaɗai. Abin da ke cece ta shi ne komai ya hau tare ya sauka tare. Idan kogin Rima ya cika a Kwalkwalawa, wanda ke zaune cikin kwalekwale ruwa ya ɗaga shi da kayansa gaba ɗaya, bai ji komai ba. Wanda ya sa ƙafa ɗaya a kwalekwale, ɗaya a gaɓa, shi ke shan wuya. Kayan Alhaji duk a wannan tsayuwar suke.

Abin da shebur ya tono

Turaku huɗu muka tarar a filin, ba wanda aka haɗa da ɗan'uwansa. Masu kafa ƙarfen eriya sun haƙa raminsu suka zuba gawayi da gishiri. Mai wayarin ɗin ofis ya buga gajeren turke a bayan gini. Zaure na da nasa. Mai sola da ya zo daga baya ya buga na huɗu, har ya ja kunnen Alhaji kada a kuskura a haɗa shi da na ƙarfen, wai kada tsawa ta biyo ta shiga inbata. Ba mugunta ba ce, haka aka koya masa, kuma maganar tana kama da hankali. Sai dai inbatar tana da waya zuwa allon wutar ofis, allon na kan wani turken, faifan sola na kan rufi kusa da ƙarfe. An raba turakun a cikin ƙasa, amma suna haɗe ta cikin na'urorin, don haka cikin inbata ya zama mahaɗarsu.

Turken bayan ofis bai kai tsawon mutum ba. Irin na kasuwa ne da aka yi wa wankan jan ƙarfe, wuƙa na kankare shi baƙin ƙarfe ya bayyana. Turke na ƙwarai ma cikinsa ƙarfe ne, amma rufin jan ƙarfensa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, tsawonsa kuma mita 2.4 ko fiye. A ramin ƙarfen eriya kuwa gishiri ya gama aikinsa: maɗaurin ya zama kore yana marmashewa, na ja wayar da hannu ta biyo ni. Gishiri yana sauke turjiya a ranar da aka zuba shi, mai aiki ya auna ya nuna wa mai gida adadi mai kyau ya karɓi kuɗinsa. Damina ɗaya ko biyu ta wanke shi, ya bar tsatsa.

Akwai wani abu kuma da ya ba ni takaici. Ragowar wayar da ta sauko daga tsinken, maimakon a yanke, an naɗe ta gammo-gammo an binne, wai ko za a buƙata gaba. Ga wutar gida wannan ba komai ba ne. Ga tsawa kuwa, saboda saurin tashinta, kowace mita ta waya miƙaƙƙiya ma tana iya tara dubban bolt, naɗi da lanƙwasa mai kaifi suna ninka abin. Wayar tsawa gajeriya ake so, miƙaƙƙiya, mai kauri.

Sai batun lokaci, wanda a Sakkwato ya fi na kudu tsanani. Ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba yake zuba, daga nan hunturu ya busar da ƙasa, bazara ta zo da zafin da ke wuce digiri 40 ta ƙarasa. Laka mai danshi irin ta fadama turjiyarta 'yan gomomi ce na om-mita, busasshen yashi kuwa yana wuce 1,000. Hadarin farko yana iske ƙasa a mafi munin halinta na shekara, kuma sau da yawa tsawa na riga ruwa. Duk wanda ya auna turkensa a watan Agusta ya rubuta a takarda, ya auna ƙasar da ba ita tsawar Mayu ko farkon Yuni za ta tarar ba. A Afrilu ake awo.

Gyaran, da gardamar da aka yi a kansa

Alhaji ya riga ya yi magana da wani mai sayar da kaya, an nuna masa tsinke na zamani mai kan ƙwallo, an ce yana kare unguwa guda, ya kuma so a ƙara babbar sitabilaiza. Na roƙe shi ya riƙe kuɗinsa. Ƙa'idar IEC 62305 ba ta ba irin waɗannan tsinkuna wani fifiko a kan tsinke na yau da kullum ba, kuma ko da sun fi, nasa ai ya kama tsawar. Sitabilaiza kuwa an yi ta ne don wutar da ke hawa da sauka a hankali. Kafin ta motsa an gama ɓarnar, haka ma fis.

Abu na farko da muka yi, kuma mafi araha, haɗe turakun. An haƙa rami zurfin rabin mita, kimanin mita ɗaya daga bango, ya zagaye ofis, wani ya zagaye gindin ƙarfen, aka shimfiɗa waya mai kauri aka haɗa zoben biyu ta hanya fiye da ɗaya. Kowace ƙafar ƙarfen, da firam ɗin sola, da jikin janareto, da ƙarfen katanga na kusa, duk aka ɗaure su a jiki. Haɗin cikin ƙasa da walda aka yi shi, ba da noti ba. A cikin ɗakin na'urori aka kafa falle guda na jan ƙarfe a bango, kowace na'ura ta kawo wayar ƙasarta can.

Na biyu, cire jan ƙarfe tsakanin gine-gine. Wayar da ke zuwa zaure da ta kyamarar ƙofa aka maye su da faiba, irin wadda ba ta da sulken ƙarfe. Faiba gilashi ce, haske ke bi ta ciki, wuta ba ta da abin kamawa. A nan aka fi ja, don sai an sayi ƙananan na'urorin juya saƙo a kowane ƙarshe, kuma mai haɗa faiba ba a kowace unguwa yake ba. Na ce wa Alhaji idan kuɗin abu ɗaya kawai yake da shi bayan haɗe turaku, wannan ne. Kuɗin bai kai na suwic da kwamfutocin da ya rasa a dare ɗaya ba.

Na uku, ƙofa ɗaya. A da, wayar wuta ta gabas take shiga ofis, ta eriya ta taga, ta sola ta rufi. Duk aka karkato su suka shiga ta wuri guda kusa da fallen jan ƙarfen, aka sa wa kowace makarin wuta mai tashi, wato na'urar da ke karkatar da wutar da ta tashi farat ɗaya zuwa ƙasa: na allon wuta mai jure kason tsawa kai tsaye, na sola a ɓangaren faifai, na wayoyin eriya a saman ƙarfen da gindinsa, tunda rediyoyin kan ƙarfe masu aika intanet ta waya suke samun wutarsu, ba yadda za a raba su da jan ƙarfe. Wayoyin haɗa makarin gaba ɗaya kada su wuce rabin mita. Na sha ganin makari mai tsada an rataye shi da waya mita biyu, tsawon wayar ya cinye amfaninsa. Zaure ma, da yake wutarsa daga ofis take zuwa, an sa masa nasa a allonsa.

Rage turjiya shi ya zo ƙarshe. Marmara ba ta bari turke ya nutse da guduma, don haka muka baza wayoyi a kwance daga gindin ƙarfen, suna nufar inda ba gini, don wutar ta watsu nesa da ofis. Aka kuma fasa gefen kankaren gindin ƙarfen aka kama rodin ciki aka haɗa. Dabarar tsohuwa ce: wani injiniya mai suna Herbert Ufer ya fito da ita lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don rumbunan bama-bamai a busasshiyar ƙasar Arizona ta Amurka, da ya lura kankare yana riƙe danshi fiye da ƙasar da ke kewaye da shi. A garin da ke da masana'antar siminti a Kalambaina, abin mamaki ne yadda ake zuba harsashin gini ba tare da an fito da bakin rodi ɗaya don wannan ba. Lokacin gini kusan kyauta ne. A maimakon gishiri, yumɓun bentonait muka zuba a ramukan, aka kuma juyo ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa zuwa rami mafi kusa.

Jan ƙarfe a fili kira ne ga ɓarayi, kowa ya sani. Duk abin da ke sama da ƙasa mun yi shi da ƙarfe mai rufin tutiya ko mun rufe shi da siminti, aka bar ƙananan akwatunan dubawa masu murfi. Bencin Baba an mayar da shi cikin ofis, aka kuma gaya wa kowa cewa idan hadari ya haɗu ba mai tsayawa kusa da ƙarfe ko jingina da katanga. Wannan ya fi duk na'urorin muhimmanci, don da ya ƙara taku kaɗan zuwa gindin ƙarfen a daren nan, da wani labarin ake yi.

Bayan gyara

Sauran daminar ta wuce da hadari masu tsawa, ɗaya ma ta faɗi kusa har tagogi suka girgiza. Washegari ɗan tagar makarin allon wuta ya juya daga kore zuwa ja, alamar ya sha duka ya gama aiki, aka sauya shi. Rediyo ɗaya a kan ƙarfe ya mutu. A cikin ofis da zaure ba abin da ya lalace. Damina guda ba ta isa hujja ba, kuma ban yi wa Alhaji alkawarin ba zai sake rasa komai ba. Abin da ke can saman ƙarfe kullum yana cikin haɗari.

Abin da ya fi damuna ya faru ne cikin rani. Wani mai shago a bakin ƙofa ya nemi intanet don POS ɗinsa, yaron cibiyar ya ɗauko doguwar wayar jan ƙarfe ya ja daga ɗakin na'urori ta kan katanga, ta taga, bai bi ta ƙofar wayoyi ba. Cikin rabin awa ya buɗe hanyar da aka kashe kuɗi aka toshe. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya zauna ya yi masa bayani. An cire wayar, an ba mai shagon ta iska, aka zaunar da ma'aikatan aka nuna musu allon suwic ɗin da ya ƙone da tabonsa, aka kuma liƙa takarda a ƙofar ɗakin cewa ba a jan sabuwar waya zuwa waje sai an tambaya.

Saura famfon burtsatse. Wayarsa ta ratsa ƙasa daga ofis zuwa wani ƙarshen fili ta nutse cikin ruwa, wato ita ce hanya mafi daɗi da ta rage wa tsawa a filin, kuma har yanzu ba a sa mata makari ba, Alhaji ya ce sai kuɗi sun shigo. An sa ta cikin aikin Afrilu, tare da awon turaku da buɗe akwatunan dubawa. Kafin nan an ce wa Baba da ya ga gabas ta yi baƙi ya zare filogin famfon daga soket gaba ɗaya, kada ya tsaya ga kashe makunni.